Memuna da Ƙurar Gawayinta

Memuna jikar fataken goro ce 'yan Jugu, amma ita gawayi ne ya karɓe ta. Rumfarta tana Turu, bakin garin Paraku, inda kamiyo, wato babbar mota, daga Kolokonde ke sauke mata buhuna. Shekara da shekaru ba a taɓa ganin tafin hannunta fari ba, ko ranar Sallah. Ta ce lalle ne na kyauta.

Matsalar ita ce maƙwabcinta Usaini mai wanki da guga. Da an jefo buhu ƙasa ƙura ta tashi, ba ta zarce ko'ina sai kan fararen rigunan da ya shanya. Ya yi haƙuri har ya gaji, ya kai ƙara wurin delege, wato mai unguwa. Delege ya ce ko ƙura ta kwanta, ko rumfa ta tashi. Usaini ya ce ai a riƙa jiƙawa da ruwa kawai. Memuna ta tsorata ƙwarai, don da rumfar nan take ci da 'ya'yanta.

Sai ta tuna yadda kakarta ke yayyafa wa goro ruwa safe da yamma. Ita kuwa ba ta iya yin abu kaɗan ba. Ta kwance bakin buhunan, ta shayar da su har suka ƙoshi, ta lulluɓe su da ganye.

Ƙura ta kwanta, gaskiya. Amma baƙin ruwa ya bi kwata har ƙofar masallaci, masu ƙosai da suka sayi gawayinta kuma suka yi ta fifita da hawaye, wuta ta ƙi kamawa. Wanda ya fi kowa shan wahala shi ne Usaini, don dutsen gugarsa da gawayinta yake aiki. Ga kayan Juma'a jibge, ga dutse sanyi ƙalau.

Ya zo yana sosa ƙeya. "Inna Memuna, pardon, ba ki da busasshe ko kaɗan?"

"Ai kai ka ce a jiƙa, ɗana."

"Ƙasa na ce, Inna, ba kayan ba."

Tare suka koma wurin delege. Aka shirya: Usaini zai mai da igiyar shanyarsa bayan gida, Memuna kuma ta kewaye rumfar da kwanon rufi har sama, ta riƙa yayyafa wa ƙasa ruwa kawai. Sai da ta sayar da tumakinta kafin kwanon ya cika.

Rumfa ta tsira. Riguna suka yi fari tas, masu ƙosai suka dawo, delege na nuna wa baƙi wurin yana alfahari. Ƙurar dai ba ta je ko'ina ba, tana cikin kwanon, Memuna ma tana ciki tun safe har magariba. Usaini yakan jiyo tarinta ta bayan kwanon yana guga. Da farko yana ɗaga murya ya ce mata sannu. Yanzu sai ya ajiye dutsen, ya tsaya yana saurare har tarin ya lafa.