Sallama a Ƙofar Gidan da Ruwa Ya Ci

Ko da zan manta da komai na shekarun farin nan, ba na jin zan manta da ranar da na goya kakata a keke muka je tsohon garinmu. Tun ina rarrafe aka tashe mu daga garin saboda za a gina dam, aka ba mu fili a kan tudu, ruwa ya zo ya shanye gidaje da gonaki. To, a shekarar da damina ta yi mana rowa har gero ya bushe a tsaye, sai ruwan dam ya yi ta ja da baya, har masunta suka kawo labari cewa kufai ya fito.

Lokacin ina saurayi, ina ɗinki a kasuwar Tsanyawa, na sayi wani keke na hannu ina ji da shi kamar tsoka ɗaya a miya. Kaka, wadda ta haifi babana, ta sa ni gaba. Kullum na shiga gaishe ta sai ta ce, "Maigida, yaushe za ka kai ni gida?" Ni kuwa in ce, "Wace irin mata ce ke? Ana neman abin kaiwa baka, ke kina neman yawo? Sai jibi." Haka na yi ta yi mata jibi har bazara ta kama. Wata safiya ta nuna mini shamuwa a kan kuka, ta ce, "Ka ga baƙuwar can? Ruwa na tafe. In ya sake rufe garin, ni da shi har abada." Ba ta haɗa da dariya ba, sai na ce mata gobe za mu tafi.

Washegari na ninke buhu a bayan keken, ta hau a kaikaice tana mita. "Tuƙa a hankali, ba buhun gyaɗa ka ɗauko ba." Muka bi burtali tsakanin gonaki, kowa ya share tasa yana jiran sama, har muka gangara inda da ruwa yake. Ƙasa ta tsattsage, ɓawon ƙumba a barbaje ko'ina, iska mai sanyi tana kaɗowa. Can bakin sauran ruwan ga balbela fari fat, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ga masunta kwance a kan gora suna yawo a ruwa. Waɗansu mutane sun bi danshi sun shuka dankali da kabewa, kore shar, abin da idona ya daɗe bai gani ba. Ni da na fito ina ƙunƙuni, sai ga ni ina fito da baki.

Da muka isa kufan ban ga abin a zo a gani ba. Tushen katangu ne da ba su wuce idon sawu ba, sai tsingaro da kututturan bishiyoyi. Na miƙe kaina tsaye ina tsallake su da keke. Ai kuwa sai na ji duka a gadon baya.

"Tsaya, marar kunya! Gidan liman ka ratsa, har ɗakin matarsa!"

"Kaka, wane gida? Laka ce fa."

"Sauka. Ta lungu za mu bi."

Haka na sauka ina tura keke, tana gaba ina biye, muna kewaya gidajen da ba su da bango. Ta nuna mini ramukan marina da laka ta cike, ta nuna mini dandalin da suka yi gaɗa. Amma da muka shiga unguwarsu sai ta rikice. Tsamiyar da take kwatance da ita babu, lungunan duk sun zama iri ɗaya. Ta yi gabas ta dawo, ta yi kudu ta dawo, rana ta take, numfashinta ya fara sama-sama. Ta tsuguna ta ce, "Shi ke nan, na zo gida na ɓata." Wallahi tausayinta ya kama ni, na ji haushin kaina da na bari sai da ƙarfinta ya ƙare.

Na ce ta faɗa mini abin da ke tsakar gidan namu. Ta ce rijiya, da dutsen niƙa a gefenta. Na jingine keke na shiga dube-dube, ina bin lungu kamar yadda ta koya mini, har na yi tuntuɓe da bakin wata rijiya, ga dutse rabinsa a cikin laka. Na kira ta. Ta shafa kwarmin dutsen daga inda take tsaye a waje, ta gyaɗa kai, amma ba ta tsallaka ba. Sai da ta zagaya ta gano inda zaure yake, ta gyara mayafi, ta ce, "Salamu alaikum."

Shiru, sai kukan tsuntsaye. Ta sake yi. Sannan ta dube ni ta ce, "Kai ma ɗan gidan ne, a nan aka binne cibiyarka. Shiga ka amsa mini."

Na shiga na tsaya a tsakar gida, na ce, "Wa alaikumus salam. Maraba, sannu da zuwa."

Ta tako da ƙafar dama tana murmushi, hawaye na zuba. "Kun wuni lafiya? Na daɗe ban zo ba."

Muka zauna a inda ta ce ɗakinta ne, muka sha furar da ta ƙullo, tana ba ni labari tana tsokanata har la'asar. Ban taɓa ganin ta cikin farin ciki irin na ranar ba. Ba a daɗe ba sama ta zubo, dam ya cika, kuma har Allah ya karɓi ranta kufan bai ƙara fitowa ba. Tun daga ranar na gane cewa in tsoho ya roƙe ka abu, ka yi masa yau, domin kai ne kake da jibi, shi ba lallai ba ne.