Gadon da Na Goge wa Ƙanwata

Shekarar da gwamnati ta kwaso komatsanta daga Legas zuwa Abuja, mu ma muka biyo ofishin maigidana. Na samu aikin goge-goge a wani ƙaramin asibiti, kuma ba yabon kai ba, babu wanda ya kai ni sauri. Innarmu ta raine mu a kan cewa ƙazamar mace ce ke barin wuri a jiƙe, don haka da na shafa ruwan bilic a gado sai in bi shi da busasshen tsumma.

A asibitin aka yi wa ƙanwata tiyatar haihuwa. Ni na zaɓa mata gado kusa da taga, na goge shi da hannuna. Kwana huɗu, ɗinkin ya fara ruwa. Aka canja allura, aka sake canjawa, zazzaɓi ya ƙi sauka. Likita ya ce ƙwayar cutar ta fi ƙarfin magungunan, saura guda ɗaya za su gwada. Tsoro ya kama ni sosai.

Matar ɗakin gwaji, wata 'yar Binuwai mai ƙaramar murya, ta sa ni na goge ƙarfen wani gado yadda na saba, ta dangwali wurin da auduga. Ta ce in sake shafawa, ta riƙe min hannu sai da minti goma suka cika, sannan ta sake dangwala.

Bayan kwana biyu ta nuna min ƙananan farantan gilashi guda biyu da ta shafa wa audugar, ta farko da ta biyu. Na farkon ya yi tsiro ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa gero. Na biyun fes.

"Yaya, bilic ɗin yana aiki," in ji ta. "Ke ce ba kya ba shi lokaci."

Na daɗe ina kallo, ina salati a zuci. Halittar da ido ba ya gani ta gagari allurai da likitoci, ga shi ruwan da muke wanke farin kaya da shi ya gama da ita. Jira kawai yake so. Na tambaye ta ko gugata ce ta jawo wa ƙanwata. Ta ce Allah ne masani. Ba ta ce a'a ba.

Allurar ƙarshen ta karɓi ƙanwata. Ranar da aka ce a kawo mata jaririyarta, na shafa wa ɗan gadon jaririyar bilic, na harɗe hannuwa a baya. Ƙanwata ta ɗago daga kwance tana cewa, "Yaya, yi sauri mana, ke da ba kya jira."

Na ce mata saura minti bakwai.