Baba Yohanna da Bencin Baya

Ina cikin keke napep na ɗauko fasinja daga kasuwar Kafanchan sai ƙanwata Rifkatu ta kira ni. Ko gaisuwa ba ta yi ba ta ce, "Yaya, Baba Yohanna ya tafi gida." Na gangara gefen hanya na kashe keken. Wata mata a baya ta ce, "Direba, lafiya?" Na ce mata ubana ne ya rasu. Ba shi ya haife ni ba, amma ban yi mata ƙarya ba. Kafin in ajiye wayar Rifkatu ta ƙara abin da ya fi tayar mini da hankali: "Ka san har yanzu yana ƙarƙashin horo. An ce gawarsa ba za ta shiga coci ba."

A cocin ƙauyenmu, can bayan Kwoi, idan mutum ya yi laifi dattawa kan sanar a gaban jama'a, a mayar da shi bencin baya kusa da ƙofa. Ba ya cin Jibin Ubangiji. In ya mutu kafin a ɗage horon, ba a shigar da gawarsa, fasto da dattawa ba sa yi masa addu'ar jana'iza. Baba ya fi kowa sanin wannan doka, domin shi ma dattijon coci ne, shekaru da yawa shi ke karanta sanarwar. Ba mutum ne mai wasa ba. Ko da ruwan sama zai lalata masa cittar da ya shanya, ba ya taɓa ta ran Lahadi.

Da bakinsa ya kira sunan mahaifiyata. Bayan rasuwar babanmu ta koma dafa burukutu don ta ciyar da mu. Ranar da ya karanta, muryarsa ba ta yi rawa ba. Amma na lura da wani abu. Duk Lahadi in an tashi, kafin ya gaisa da fasto, sai ya bi ta baya ya tsaya a gabanta ya ce, "Talatu, ina gajiya? Yaya yara?" Da damina ya kawo mata irin citta ko za ta bar tukunya. Ta rage, ba ta bari ba. Bai daina gaya mata gaskiya ba, bai kuma daina zuwa ba. Wata rana a gonarsa ya ce mini, "Ishaku, doka igiya ce da muke ja kafin shuka. Tana nuna maka layinka ya karkace, amma ba ta ɗaukar fartanya ta taya ka. Yesu ne ke shiga gonar da kai."

Mama ta rasu tana bencin baya. Muka haƙa mata kabari a bayan gida, muka tsaya tsuru-tsuru, babu mai buɗe baki ya yi addu'a. Sai ga Baba da Littafi Mai Tsarki a hammata. Ya yi karatu, ya yi addu'a, ya miƙa ta ga Ubangiji da sunanta. Lahadin da ta biyo baya Dattijo Bitrus, abokinsa tun ƙuruciya, ya karanta sunansa. Baba ya miƙe, ya ɗauki littafinsa, ya taka da kansa har benci na ƙarshe.

Na same shi a gida raina a ɓace. Ya ce, "Kwantar da hankalinka. Sun yi daidai, ina sane na karya doka." Na ce to ya fito gaban jama'a ya ce ya tuba mana, su ɗage. Ya ce, "In na ce na yi nadamar addu'ar nan, na yi ƙarya a gaban Allah. Ceton Talatu ba daga benci zai fito ba, nawa ma haka. Alheri ne, ba lada ba." Haka ya zauna a baya, ba ya fashin sujada, ba ya zagin kowa, har ciwo ya kwantar da shi.

Ranar jana'iza muka ɗauko shi daga asibiti a bayan mota. Da muka iso ƙofar coci matasa suka tare hanya, suka ce dole a shigar da shi. An kulle ƙofar, Dattijo Bitrus na tsaye a gabanta da makulli. Wani ya ɗauko dutse zai fasa kwaɗon. Fasto na roƙo, ba mai jin sa. Wani saurayi ya ja ni ta riga ya ce, "Kai Ishaku, saboda uwarka aka yi wa tsohon nan haka, shi ne ka yi shiru? Kama akwati mana!" Gaskiya na kama. Na san kuwa in akwatin nan ya sauka, sai an zub da jini a ƙofar ɗakin Allah.

Sai matar Baba, Mama Saratu, ta sauko daga gaban motar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Yarana, wa ya aike ku? Mai gawar ya bar magana. Ya ce in ya tafi a haka, kada a fasa ƙofa saboda shi, wadda zai shiga ba ta da kwaɗo. Kai mai dutse, ajiye. Ishaku, sake akwatin ubanka." Na sake. Motar ta juya zuwa gida.

Muna shirin rufe kabari sai ga Dattijo Bitrus ya zo a ƙafa, ya tsaya can nesa. Matasa suka fara gunaguni, wasu suka nufe shi. Mama Saratu ta ce, "Ku buɗe masa hanya. Bitrus, zo. Abokinka ya ce kai za ka fara zuba masa ƙasa." Tsohon ya zo, ya durƙusa, ya ɗebi ƙasa, amma ya kasa buɗe hannunsa. Sai da Mama Saratu ta riƙe masa hannun ƙasar ta zuba.

Ban yi karatu mai zurfi ba, ba ni zan ce dokar ta zauna ko ta tashi ba. Abin da idona ya gani na rubuta.

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Yohanna, ba don aikinsa ba, sai don jinƙanka. Ka ta'azantar da Mama Saratu da 'ya'yansu da jikoki, ka zama musu uba. Ka sanyaya zuciyar matasanmu, ka ba dattawanmu hikima. Ka kuma tuna da Dattijo Bitrus, wanda tun ranar ba ya iya cin abinci. A cikin sunan Yesu, amin.