Gurbin da Baffa Ya Bari a Cikin Waƙa

Kwanakin baya ina tuƙi a hanyar Maiyama, 'yata ta kunna wata tsohuwar waƙa a wayarta. Gurmi ne kawai da muryar mutum ɗaya. Yakan rera baiti, sai ya yi shiru, gurmin ya ɗan yi tafiya shi kaɗai, sannan muryar ta dawo. Ta ce malaminsu a jami'a ya bayyana musu cewa wannan shirun shi ne ƙololuwar gwanintar mawaƙin. Ta san mawaƙin ƙanen mahaifina ne, wanda muke kira Baffa, tana kuma alfahari da hakan. Abin da ba ta sani ba shi ne muryoyin da ya kamata a ji a wannan gurbi.

A ƙauyen Kashin Zama na tashi, cikin gidan manoman albasa. Da sanyi ya shigo, fadama ce gidanmu: ƙafa cikin laka, hannu yana warin ganyen albasa har bayan an ci tuwo. A can Baffa ya fara waƙa, don rage mana nauyin dashe da ban ruwa. Shi ke bayarwa, mu yaran gida muna amsawa muna kora ruwa cikin kwami, wato fangalin da ake dasa albasa: "A buɗe kwami, ruwa ya zo!" Da maraice ya ɗauko gurminsa a gindin rumfar albasa, mu zagaye shi, mu ci gaba daga inda muka tsaya a gona. Ba mu ɗauki abin a bakin komai ba.

Kakanmu ma bai ɗauka ba, sai ranar da wani dillali ya tsokane shi a kasuwar Aliero, a gaban jama'a: "Malam, ashe gidanku roƙo anka koma?" A wurinmu kiɗa gado ne na gidajen maroƙa, kuma manomi mai tushe ba ya son a haɗa shi da su. Tsohon ya dawo bai fasa gurmi ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya tara mu ya ce, "Shi babba na, ba ni hana shi. Amma ɗiyan gidanga, kar in sake jin bakin kowa."

Washegari Baffa ya bayar da baiti a gona, babu wanda ya amsa. Ya sake bayarwa. Ƙarar ruwa kawai ake ji yana shiga kwami.

Wannan ya zo daidai da shekarun da aka ba mu jiharmu ta Kebbi. Baffa ya koma Jega ya kama ɗaki a Sabon Gari. Bai yi ubangida ba, ko da yake masu hali sun neme shi ya wasa su; ya ce shi albasa ya sani da masu nomanta. Wani mai gyaran rediyo ya ara masa rikoda, suka rufe shago suka ɗauki kaset na farko. Mai gyaran ya ba ni labari daga baya cewa ya ce wa Baffa, "Haba, waƙa ba 'yan amshi? Bari in samo maka yara nan tasha." Baffa ya ce yana da nasa, ba su dai iso ba tukuna. Haka aka ɗauki waƙoƙin, da gurbin amshi a buɗe.

Da kansa yake zagayawa da kaset a jaka, daga tasha zuwa rumfunan mahauta. Direbobin da ke kai albasa kudu su suka fara saye. Doguwar hanya ce, ga mutum shi kaɗai da yaron mota, sai suka riƙa cike gurbin da bakinsu. Waɗanda suka taɓa jin mu a fadama suka koya wa saura. Kafin wani rani ya zagayo, gidan rediyo na sa waƙoƙinsa, mai shayi na amsawa, mai ɗinki na amsawa. Kowa ya ji kamar da shi aka yi waƙar. Abin da ya ɗaukaka shi ke nan.

Na gan shi a tsakiyar wannan ɗaukaka sau ɗaya. Direbobi sun shirya masa wasa a Jega bayan la'asar, lokacin ina gab da gama sakandare. Kakanmu ya riga ya rasu, babu sauran mai hana ni. Na tsaya cikin abokan karatuna da fararen rigunanmu. Baffa ya bayar da baitin fadama, filin gaba ɗaya ya ɗauka kamar aradu. Ya hango ni. Ya sake bayar da baitin, idonsa a kaina. Ni kuwa ina tunanin abin da abokaina za su ce idan suka gane ɗan gidan maroƙi ne ni. Na kalli takalmina har ya wuce zuwa baiti na gaba.

Bayan an tashi na je gaishe shi. Don in sami abin faɗa, na ce ai yanzu ya sami 'yan amshi fiye da na kowa. Ya yi murmushi yana mayar da gurmi cikin jaka. "Aro sunka yi, ɗana," ya ce. "Wurinku na. Ban ba kowa ba."

Na yi ta cewa akwai lokaci. Jami'a ta ɗauke ni, aiki ya karɓe ni, Baffa ya yi ta fitar da kaset, kowanne da gurbinsa, har Allah Ya karɓi abinsa. Yau fadamar tamu injin ban ruwa ke kuka a cikinta, ba mai waƙa. Mu kuma da muka rufe baki, mu ne ke saurin cewa jininmu ne idan an ambace shi a taro. Nakan tambayi kaina, in biyayya ce ta hana ni a gona, to a filin Jega fa, me ya hana ni?

A motar nan, da baitin ya sake zagayowa, na rage gudu na amsa. Muryata ta makara kaɗan. 'Yata ta juyo da sauri.

"Baba, ka ɓata wurin shirun."

Na ce ta mayar da waƙar tun daga farko, zan koya mata amshin.