Harsashin Ragon Dutse

Shekara goma sha tara muka yi a warsha ɗaya, wato shagon aikin ƙarfe, da Usta Gwadabe a unguwar masana'antu ta Jidda, ni kan walda, shi kan makhraɗa, injin da ke juya ƙarfe ana fere shi. A tsawon wannan lokaci ban taɓa ganin ya ɓata aiki ba, ban kuma taɓa ganin ya wuni bai ambaci ragon dutse ba.

A Bur Sudan aka haife shi, cikin Hausawan da kakanninsu suka fito aikin hajji da ƙafa, suka iso bakin teku suka tsaya. Mahaifinsa mahauci ne, yana bin maharba zuwa duwatsun arewa yana yi musu fiɗa, har shi ma ya koyi harbi. Gwadabe yakan siffanta mana dabbar kamar jiya ya gan ta: launinta launin dutsen da take tsaye a kai, ƙaho ya lanƙwasa baya, dogon gashi ya zubo daga maƙogwaro har gwiwa. Wai in ta tsaya cak, sai ka kalli wurin sau goma ba ka gan ta ba. Idan yana wannan zance yakan kashe injin, ya juya yamma, wajen da teku take, ko da yake daga warsharmu ba abin da ake gani sai bangon masana'antar fenti.

Yana da shekara goma sha bakwai mahaifinsa ya miƙa masa abu ashara, tsohuwar bindigar Ingilishi mai cin harsashi goma, ya ce ya hau. Bindigar tana shuri, Gwadabe kuwa yana jin tsoron kafaɗarsa, sai ya ɓoye ta a tsagar dutse ya ɗauki wata ƙarama ta harbin zomo. Ya samu ragon, ya harba, harsashin ya shiga ƙirji bai kai inda ya kamata ba. Kwana uku suna bin ɗigon jini shi da mahaifinsa, har jinin ya ƙare a kan wani falalen dutse. Uban bai doke shi ba. Ya dai ce masa dabbar nan tana can tana mutuwa a hankali saboda ya tausaya wa kafaɗarsa, kuma kada ya sake nuna wa mai rai bindiga sai ya san harsashin da zai kayar da shi nan take. Bayan shekara biyu Gwadabe ya ƙetaro Jidda yin umara, ya samu kafili, ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, ya zauna. Uban ya rasu ba su sake hawa dutse tare ba.

Abin da ya riƙe ke nan shekara arba'in da 'yan kai. Yana so ya koma dutsen nan sau ɗaya kafin ƙarfinsa ya ƙare, ya yi harbi ɗaya mai tsabta. Amma sai ya zaɓi harsashi tukuna, zaɓin kuwa ya ƙi ƙarewa.

A kan tagar da ke bayan injinsa akwai 'yan sanduna huɗu na tagulla da ya fere daga ragowar aiki, kowace da kaurin wani harsashi. Siririyar ita ce wadda ta ba shi kunya. Ta biyu milimita bakwai, ta bindigar da ake kira ɗari biyu da saba'in. Sauran biyun kaurinsu ɗaya, sun ɗan ɗara ta, sai dai ɗaya gajera ce, ɗari uku da takwas, ɗaya doguwa, ɗari uku magnam, mai cin albarushi da yawa. Lokacin shayin hantsi yakan jera su a tafin hannu yana auna nauyinsu, idonsa a rufe. Kullum a kan doguwar yake tsayawa. Ya ce ragon dutse fata gare shi kamar taya, gashin ƙirjinsa kaɗai sulke ne, kuma shi ba zai sake zuwa da abin da bai isa ba. Washegari kuma sai ya dawo da lissafin daga farko.

Na gaji da ji. Na ce masa ragon nan ya mutu, jikokinsa sun mutu, shi yana nan yana awon tagulla. Ya yi dariya ya ce, "Ya zol, mutumina, kai ƙarfe biyu kawai ka iya haɗawa. Mai walda ina ya san awo?"

A farkon shekarar 2022 aka rushe unguwar Karantina, gidan da ya yi shekara talatin a ciki ya tafi. Ya koma wurin 'yarsa Jawahir da mijinta. A cikin watannin nan kafilinmu ya ce ba zai sabunta masa iƙama, takardar zama, ba, shekaru sun ja. Ɗan ƙanensa Abduljalil, wanda ke jagorar maharba masu lasisi a can Bur Sudan, ya aiko cewa zai nema masa takarda ta rago ɗaya, ya dai faɗi bindigar da za a tanadar masa. Wata uku saƙon yana cikin wayarsa bai ba da amsa ba. Saura mako biyar jirginsa ya tashi, har yanzu yana jera sanduna a tafin hannu.

Gwadabe yana da doka a wurin aiki, duk wanda ya zauna kusa da shi ya haddace ta: ba ya taɓa ƙarfen mai aiki sai ya gwada a kan guntu. Na tuna masa. Na ce shekara arba'in yana zaɓen abin da bai taɓa ɗora wa kafaɗa ba. Akwai wani Bandar da ke koyar da harbi a wani kulob mai lasisi arewa da gari, wanda Gwadabe ya taɓa fere masa wani ƙarfen tsohuwar motarsa da aka rasa a kasuwa. Na kira shi, ranar Asabar da safe na sa Usta a mota muka tafi.

Filin yana gindin wasu duwatsu baƙaƙe. Zafi ya fara tashi, allunan da ake harbi suna rawa a nesa kamar suna cikin ruwa. Gwadabe ya daɗe yana kallon duwatsun, ya ce irinsu ɗaya da na can, kamar teku ce ta shiga tsakani ta raba su. Bandar ya shimfiɗa bindigogi uku a kan tebur, ya sa mana abin toshe kunne, ya ce allon yana mita ɗari biyu. Ya tambaya, "Wacce za mu fara da ita, ya ammi, baffana?" Gwadabe ya nuna magnam.

Ina tsaye daga gefe, don haka na ga abin da shi bai gani ba. Kafin ya ja kunama sai ya runtse ido, kafaɗarsa ta janye. Ƙara ta tashi, ƙura ta tashi can gefen allo. Na biyu ma haka. Na uku ya taɓa ƙasan takarda. Ya ajiye bindigar yana murza kafaɗar dama, wadda ta yi shekara arba'in tana ɗaga ƙarfe tana juya hannun inji. Ya ce madubin hangen ne bai daidaita ba. Bandar bai yi musu ba, ya karɓa ya ce bari ya duba, ya mayar masa, ya ce ya sake. Gwadabe ya ja kunama, ba ƙara, don Bandar bai sa harsashi ba. Amma duk mun ga bakin bindigar ya nutse ƙasa, shi ma ya gani.

Ya zauna a kan benci. Fuskarsa ta koma ta wanda aka kama. Ban iya lallashi ba, sai na faɗa masa abin da yake faɗa wa duk sabon ma'aikaci.

"Usta, wa ke cewa in ka ci ƙarfe da yawa a yanka ɗaya, inji rawa yake yi, aiki ya lalace?"

"Ni ne."

"To injin ya yi rawa."

Ya ce ƙarama ce ta kunyata shi a da, yaya zai sake komawa ƙasa. Bandar ya ce ba ta zomo ake nufi ba. Ɗari biyu da saba'in ta ishi rago in harsashin mai ƙarfi ne, wanda ba ya tarwatsewa a kan ƙashi, in kuma ya shiga inda ya dace. Babba da ta samu ciki ko ƙafa, ita ma jini za a bi. Gwadabe ya ɗauki ɗari uku da takwas, ya yi uku, biyu suka shiga. Ya ɗauki ɗari biyu da saba'in, ya yi bisimilla, ya yi uku idonsa a buɗe. Da aka kawo takardar ya ciro ma'auninsa daga aljihu ya auna tsakanin hudojin, duk tafin hannu ɗaya ya rufe su. Aka matsar da allo zuwa mita ɗari uku, hudojin suka warwatse. Ya kalli takardun biyu ya ce shi ke nan, bindiga ta samu, saura ƙafa, tunda dole ya matsa kusa. A cikin mota ya aika wa Abduljalil lambar bindigar.

Makonnin da suka rage, kullum bayan la'asar yana hawa benen su Jawahir mai hawa shida sau biyar, da jarkar ruwa a baya. Maƙwabta suka ɗauka famfo ne ya lalace. Ranar tafiya na kai shi tashar jirgin ruwan Sawakin. Ya ba ni doguwar sandar ya ce in riƙa danne takardu da ita.

Bayan wata biyu Jawahir ta zo warsha da ƙunshi, ta kunna mini saƙon muryar Abduljalil. Sun yi kwana shida suna hawa kafin su ga wani tsohon rago. Baffa, kamar yadda yake kiran Usta, ya rarrafa har ya rage taki ɗari da sittin, amma ragon yana tsaye a bakin wani rami mai zurfi. Abduljalil ya raɗa masa ya harba. Ya ƙi, ya ce in ya faɗa ramin ba wanda zai san harsashi ne ya kashe shi ko faɗuwa, naman ya zama mushe. Suka kwanta a kan dutse mai zafi daga hantsi har rana ta karkata, ragon yana tuƙa yana kallon gabas, wajen teku. Sannan ya sauko taki kaɗan zuwa wani fili. Harbi ɗaya. Ragon ya durƙusa a inda yake, Baffa ya isa da wuƙa ya yanka shi da hannunsa, ya yi fiɗar irin ta mahaifinsa.

A cikin ƙunshin akwai busasshen nama, yanka huɗu. Tauri gare shi kamar igiya, sai da na jiƙa a shayi. Na ci a tsaye kusa da makhraɗarsa, wadda yanzu wani Bangali ke kai. Doguwar sandar tana nan a kan tagar. Wani lokaci da hantsi nakan ɗage gilashin walda in sami kaina ina kallon bangon masana'antar fenti.