Simintin da na zuba wa benen 'yata

Ni magini ne, kuma ban iya zama ba. Ko a gidan mutane na ga bulo ya karkace, sai hannuna ya fara ƙaiƙayi. Matata ta yi mita har ta gaji.

Shekarar da babbar 'yata za ta gama karatun injiniya, ta kafa aikinta na jarrabawar ƙarshe a tsakar gidanmu a unguwar Lamashegu cikin Tamale. Ɗan bene ne hawa bakwai, na ƙananan bulo, tsayinsa ya kawo min ƙirji. Wata uku tana fama da shi. Abin da ya hana ni sukuni gindinsa ne. Bai taɓa katakon da ke ƙarƙashinsa ba, yana zaune ne a kan wasu guntayen roba huɗu da ta yanko daga tayar babur. Ko kaza ta goge shi sai ya yi lilo.

"Baba, haka ake so," in ji ta. "In girgizar ƙasa ta zo, roba ke shanyewa. Ƙasa na tafiya, gini na tsaye."

Na ce to, amma ban yarda ba. A Tamale ban taɓa jin ƙasa ta motsa ba, gini mara tushe kuwa na ga yadda yake ƙarewa. Kullum in na wuce sai na leƙa gindin nan, in yi tsaki. Tsoro nake ji malamai su yi mata dariya, su ce 'yar magini ce ba ta san tushe ba.

Ana gobe jarrabawar ta tafi unguwar Kanvili wajen ƙawarta, ta ce can za ta kwana su ƙarasa rubutu. Bayan la'asar na zagaya benen ya fi sau goma. Na zauna, na tashi. Daga ƙarshe na kwaɓa siminti rabin kwano, na cike gindin tsaf, na shafe shi sumul. Wallahi har daɗi na ji.

Da safe ta iso da yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku, da zai ɗauki aikin. Ta ja katakon gaba da baya don gwajin ƙarshe, ba ta duba ƙasa ba. Girgizar ta haura kai tsaye, hawa uku na sama suka zube a gaban ƙafarta.

Ta durƙusa ta taɓa simintin. Ya bushe ƙam, don ni ba na aikin banza.

A wannan zangon ba ta fita tare da 'yan ajinsu ba, sai da ta jira na gaba. Amma ba wannan ne ya fi ci min rai ba. A safiyar nan na ruga ɗaki na ɗauko guduma da kurfi, ina cewa yanzu zan fasa, yanzu zan gyara. Ta riƙe min hannu, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Baba, don Allah," ta ce. "Yau kaɗai, kar ka gyara komai."