Skonzin Jiya

Shekara goma sha ɗaya na yi ina haya a gidan Mzee Kibwana da ke Ngamiani, nan Tanga. Ɗakina yana kallon madafinsu, don haka babu abin da aka taɓa soyawa a gidan nan hancina bai shaida ba. Tsohon mutum ne mai sauƙin kai, ko ƙafarsa ka taka shi zai ba ka haƙuri. Amma ka kuskura ka ce burodin wani wuri ya fi na gidan burodin da ya yi wa aiki laushi, ranar ko gaisuwarka ba zai amsa ba.

Yana ɗan shekara goma sha biyar ya shiga gidan burodi na bakin kasuwa, yana ɗaukar itace. Daga itace ya koma kwaɓi, daga kwaɓi ya koma bakin tanderu, a nan ya tsaya har kansa ya yi fari fat. Gwanintarsa skonzi, ƙananan burodin nan masu zaƙi da ke fitowa manne da juna. Mutane kan yi layi su saye shi da zafinsa. Abin da ya kwana ba a sayar ba kuwa, ma'aikata ke rabawa, shi ne kuma abin da Mzee yake shigowa da shi gida kullum a ƙunshe cikin takarda. Wannan abu ya daɗe yana cin sa a rai. Ya taɓa ce mini, "Maman Nasoro, na ciyar da garin nan sabo, na ciyar da matata ragowa."

Matar tasa, Bi Mwantumu, ba ta taɓa ɗaukarsa ragowa ba. Da safe sai ta raba kowane skonzi biyu, ta fasa ƙwai, ta zuba madara da sukari da ɗan garin kirfa, ta kaɗa, ta tsoma burodin ya sha, ta shimfiɗa a kasko da bota a kan garwashi har ya yi ja. Da wannan karin kumallon suka raini 'ya'ya biyar. Bayan Mzee ya ajiye aiki, sai ya shiga sayo mata mai zafi don ya huce haushin shekaru. Ita kuwa sai ta karɓa ta yi godiya, ta rufe da ƙyalle a kan kabad, sai gobe. Ya ɗauka sabon da ta yi da wahala ne ya hana ta cin mai kyau. Bai taɓa tambaya ba, madafin ma bai taɓa shiga ba.

Bara da damina hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta koma kalma ɗaya ɗaya. 'Ya'yan suka zo daga Dar es Salaam da Arusha, suka yi mako biyu, aiki ya kira su suka koma. Aka sallamo ta daga asibiti, sai ta ƙi abinci. Kunu, ta kau da kai. Romon kifi, ta datse baki. Ran Litinin ma'aikaciyar jinya ta zo duba ta, ta ce mana ƙarara, in Juma'a ta yi ba ta fara ci ba, sai a mayar da ita asibiti a zura mata robar abinci ta hanci. Bi Mwantumu tana ji. Na ga hawaye ya gangaro mata, domin ta ga masu robar nan a ɗakin da ta kwanta, tana tsoron abin kamar me.

Talata da sassafe na fito alwala, sai ga Mzee tsugune gaban murhu, ya ɗaura zanen matarsa a ƙugu. Gefensa skonzi ne sabo, tururi na tashi.

"Baba, lafiya? Me kake nema a nan?"

"Abin da take so zan yi mata."

"To ai ba da wannan ake yi ba. Na jiya ake samu, wanda ya ɗan bushe."

Ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa. "Ke za ki koya mini burodi? Ina bakin tanderu tun ba a haifi uwarki ba. Na rantse matar nan ba za ta ƙara cin kwantai ba, ina raye."

Na ce to, Allah ya ba da sa'a, na koma gefe ina cika ina batsewa. Ya tsoma burodin cikin ƙwai. Kafin ya ɗago shi ya narke masa a yatsu, abin da ya isa kasko ya zama fate, waje ya ƙone, ciki ɗanye. Ya ce ƙwan ne ƙanana. Sauran skonzin ya kwashe ya rabar wa maƙwabta, wai kada ya kwana a gidan.

Laraba ya sake sayo sabo, ya canza ƙwai. Haka dai. Ya ce kaskon ne. Wallahi na so in fizge cokalin, amma sai tausayi ya kama ni. Mutumin nan kwana biyu shi ma shayi kawai yake sha.

Ran Alhamis, saura kwana ɗaya, ya ɓata na uku. Ya zauna dirshan a ƙasa ya zuba wa kaskon ido. Can muka ji ana buga kofi a jikin gado. Muka shiga da gudu. Bi Mwantumu ce, da hannun hagu. Ashe duk kwanakin nan tana jin ƙaurin, tana jin gardamarmu. Ta kafe mijinta da ido, bakinta ya yi ta motsi kafin maganar ta fito.

"Baban Shabani. Na... jiya."

"A'a, Mwantumu, sabo na sayo miki. Mai zafi."

Ta runtse ido, ta sake buga kofin da ƙarfi. "Jiya. Ya fi."

Ya yi tsaye kamar an dasa shi. Ya juyo gare ni, murya ƙasa ƙasa: "Da gaske take? Duk shekarun nan, so take yi?"

"Baba, sabo ba ya riƙe ƙwai. Sai wanda ya kwana. Kowace mace a layin nan ta sani, kai kaɗai ne ba ka sani ba."

Babu ko guda na jiya a gidan, shi da kansa ya rabar. Ya zura silifas ya fita, zanen na ɗaure a ƙugunsa. Na leƙa ta ƙofa ina kallonsa yana bin gida gida yana sallama, babban magashin burodi na bakin kasuwa yana tambayar ko akwai skonzin da ya kwana. Wasu sun cinye, wasu sun ɗauka zolaya yake yi. Sai a wajen mai shayin kan kwana ya samu guda uku da suka rage a ƙasan kwali. Ya rungumo su a ƙirji ya dawo yana haki.

Wannan karon bai yi musu ba. Na ce raba, ya raba. Na ce tsoma, ƙirga biyar, juya, ya yi. Na rage masa garwashi. Burodin ya sha ƙwai ya tsaya da kansa, ya kwanta a kasko yana ƙara a hankali, gefensa na yin ja. Ƙanshin kirfa da bota ya cika tsakar gida. Mzee ya shaƙa, ya ce, "Shi ne."

Na tallafo ta na jingina da matashi. Ya zauna a bakin gado, ya gutsuro ɗan ƙarami, ya hura, ya kai mata baki. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta buɗe baki ta karɓa. Ta yi ta taunawa da ɓari ɗaya, mu kuwa ko numfashin kirki ba ma yi, har muka ga maƙogwaronta ya motsa. Ta haɗiye.

Tsohon nan ya kife fuskarsa a gwiwa ya fashe da kuka, farantin na karkacewa a hannunsa. Ni ma idona ya cika, ba zan ɓoye ba. Na taɓa kafaɗarsa.

"Baba, kukan ya isa haka. Ɗago ka gani, ta buɗe baki tana jira."